Fatawa: Shin Duruz 'Yan Shi'a Ne? Asalinsu da Hukuncin Zama da Su

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wani kamfani a Kano, manajanmu mutumin Lebanon ne. Sunansa irin na Musulmi ne, yana yi mana sallama, da Babbar Sallah ma yakan sa a yanka rago a raba wa ma'aikata, amma ban taɓa ganin ya yi salla ba, kuma ba ya azumi. Da aka tambaye shi sai ya ce shi Durzi ne. Daga nan gardama ta kaure a tsakaninmu. Wani ya ce reshen Shi'a ne, malaman Iran ne shugabanninsu, wani kuma ya ce ba su da haɗi da Musulunci ko kaɗan. Malam, mene ne asalin mutanen nan? Ya halatta in ci namansa, in amsa sallamarsa, in haɗa jari da shi? In ya rasu a nan, za mu yi masa salla?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kowanne daga abokan aikinka biyu ya riƙo gefe guda na gaskiya. Ta fuskar tarihi, Duruz daga cikin Shi'a Isma'iliyya suka ɓullo, a birnin Alƙahira, shekara 408 bayan Hijira (1017 Miladiyya). Ta fuskar aƙida kuwa sun bar Isma'iliyyar tun a lokacin, kuma abin da littattafansu na asali suka ƙunsa ya fita daga da'irar Musulunci. Ba su da wata alaƙa ta biyayya da malaman Iran ko na Najaf. Sai dai hukunta aƙida daban, hukunta wane ɗan wane daban, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Bari mu bi abin daga tushe.

Shi'a duka sun haɗu a kan cewa jagorancin al'umma bayan Annabi (SAW) haƙƙin Sayyidina Ali ne da zuriyarsa. Inda suka rarrabu shi ne wane ne imami bayan wane. Zaidiyya suka bi Zaidu bn Ali, wanda aka kashe a Kufa shekara 122. Babbar tsagewar da ta shafi tambayarka ta faru ne bayan rasuwar Imam Ja'afar Assadiƙ a 148 (765). Wasu suka ce imamanci ya koma ga ɗansa Musa Alkazim, suka ci gaba da ƙirga har zuwa na goma sha biyu, wanda suke cewa ya ɓoyu tun 260. Su ne Isna Ashariyya, 'yan sha-biyu, kuma su ne mafi rinjaye a Iran da Iraƙi da kudancin Lebanon, haka nan mafi yawan masu bin Shi'a a ƙasar Hausa. Wasu kuma suka ce imamanci yana ga babban ɗansa Isma'il, daga shi sai ɗansa Muhammadu bn Isma'il. Su ne Isma'iliyya. Ka ga ke nan hanyar da ta haifi Duruz ta rabu da hanyar 'yan sha-biyu shekara ɗari biyu da sittin kafin a san wani abu wai shi Durzi.

Abin da ya bambanta Isma'iliyya, wanda kuma shi ne ƙofar da ɓarna ta shigo ta cikinta, shi ne raba addini gida biyu: zahiri da baɗini. Suka ce kowace aya da kowane hukunci suna da ma'anar fili wadda gama-gari suka sani, da ma'anar ɓoye wadda imami kaɗai ya sani, shi ne kuma yake buɗe ta ga wanda ya yi rantsuwar riƙe sirri, mataki bayan mataki. Tun farko akwai masu cewa a cikinsu idan Alƙa'im, wato Mahadin da suke jira, ya bayyana zai ɗauke zahirin shari'a ya bar baɗini tsagwaronsa. Ƙaramiɗa, waɗanda suka kai hari Makka a 317 suka kashe alhazai suka ɗauke Hajarul Aswad, bai dawo ba sai bayan shekara 22, daga wannan tsatson suke, ko da yake sun yi hannun riga da Faɗimiyyawa tun 286.

Su Faɗimiyyawa sun kafa daula a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, shekara 297 (909), da taimakon ƙabilar Kutama. A hannun halifansu aka haɗa abu biyu: shi ne sarki mai takobi da baitulmali, shi ne kuma imami ma'asumi mai riƙe da sirrin addini. Kwamandansu Jauhar ya ci Masar a 358 (969), ya gina Alƙahira da masallacin Azhar. Adalci ya sa a faɗa cewa a hukumance daular ba ta soke shari'a ba. Babban alƙalinsu Annu'uman, wanda ya rasu 363, ya rubuta musu fiƙihu na salla da azumi da zakka da hajji, ya tsaya a kan cewa zahiri da baɗini tare suke tafiya. Duk da haka malaman Malikiyya na Ƙairawan sun sha wuya a hannunsu, an ɗaure wasu an kashe wasu, har da dama daga cikinsu suka goyi bayan tawayen Abu Yazid a wajajen 333. A cikin wannan yanayi Ibn Abi Zaid ya rubuta Risala da muke karantawa a zaure, kuma babin aƙida da ya buɗe ta da shi, wanda ya jera halifofi huɗu bisa fifikonsu ya kuma hana ambaton sahabbai sai da alheri, amsa ce ga abin da yake gani da idonsa. Ya rasu a 386, a daidai shekarar da yaron da za mu yi magana a kansa ya hau karaga.

Sunan yaron Mansur, laƙabinsa Alhakim bi Amrillah, halifa na shida a daular. Ya hau mulki yana ɗan shekara 11, bayan rasuwar mahaifinsa Al'aziz. Yana da kimanin shekara 15 ya sa aka kashe Barjawan, wanda yake riƙon mulki a madadinsa, ya kama ragama da kansa. Mulkinsa na shekara 25 cike yake da abubuwa masu karo da juna. Shi ne ya buɗe Darul Hikma a 395, gidan littattafai da karatu, inda ake ba ɗalibai takarda da tawada kyauta. A wannan shekarar dai ya sa aka rubuta zagin sahabbai a bangon masallatai, bayan shekara biyu ya sa aka goge. Ya hana cin mulukiyya, wato miyar lalo, ya sa aka karkashe karnukan gari, ya hana mata fita har ya hana masu ɗinkin takalma yi musu takalmi. Ya rushe babbar cocin Kiristoci ta Ƙudus a 1009 Miladiyya, ya kashe wazirai da alƙalai da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koma sa rigar ulu, yana hawan jaki, yana fita da dare zuwa dutsen Muƙaɗɗam shi kaɗai ko da 'yan rakiya ƙalilan. A zamaninsa ne, shekara 402, halifan Abbasiyya Alƙadir ya tara malamai a Bagadaza suka sa hannu a takardar da ke ƙaryata cewa Faɗimiyyawa jinin Nana Faɗima ne, kuma cikin masu sa hannun har da manyan 'yan sha-biyu irin su Sharif Arradi da Sharif Almurtada. Malaman tarihi sun saɓa a kan ingancin nasabar, Ibn Khaldun da Maƙrizi sun tabbatar da ita, amma takardar ta ishe ka shaida cewa tun a wancan lokaci 'yan sha-biyu da Isma'iliyya ba inuwa ɗaya suke sha ba.

Sarki irin wannan, wanda ake tsoronsa ba a san inda zai dosa gobe ba, ga kuma aƙidar da ta riga ta ce shi ma'asumi ne mai ilimin ɓoye, ga shekara ɗari huɗu ta cika mutane suna jiran babban al'amari: abin da ya rage kawai a sami mai ƙarasa maganar. Mutum uku suka ƙarasa ta, dukansu baƙi daga gabas, dukansu masu da'awar Isma'iliyya. Na farko Hasan bn Haidara Alfargani, wanda ake kira Al'akhram. Na biyu Muhammadu bn Isma'il Addarazi, wanda ake kira Nashtakin. Na uku, wanda shi ne ainihin mai gina addinin, Hamza bn Ali, mutumin Zauzan a ƙasar Khurasan. Suka ce Allah ya bayyana kansa a surar Alhakim, zamanin shari'o'i ya ƙare, an shiga zamanin tauhidi tsantsa. Hamza ya yi zamansa a masallacin Raidan da ke wajen ganuwar Alƙahira, yana rubuta wasiƙu yana aika masu kira. Shekara 408 ita ce farkon ƙirgar shekarunsu.

Jama'ar Masar ba su karɓa ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa wasu mabiyan sun shiga masallacin Amru bn Al'as suka miƙa wa alƙali takarda wadda aka buɗe da sunan Alhakim a gurbin sunan Allah, nan take gari ya yamutse aka kashe wasu daga cikinsu. An kashe Al'akhram. Darazi ya yi takara da Hamza a kan jagoranci, Hamza ya la'ance shi a rubuce, shi ma bai daɗe ba aka kashe shi. Shi ya sa za ka ga abin mamaki: sunan da duniya ta san su da shi na mutumin da suke ɗauka ɓatacce ne. Su da kansu Muwahhidun suke kiran kansu, ko Banu Ma'aruf.

Ga wani abu da ya kamata abokin aikinka na farko ya sani. Waɗanda suka fara yi wa wannan kira raddi da alƙalami malaman Isma'iliyya ne. Hamiduddin Alkirmani, babban malaminsu a wancan zamani, ya zo Alƙahira ya rubuta wasiƙa yana rushe maganar Al'akhram, yana cewa Alhakim bawa ne, imami ne kamar iyayensa, imamanci zai ci gaba a bayansa, kuma shari'a tana nan daram. Shi kansa Alhakim an saɓa a kan matsayinsa. Wasu malaman tarihi sun ce ya so abin ya kuma kare masu yinsa, wasu sun ce bai taɓa furta shi a bainar jama'a ba. Abin da yake tabbatacce shi ne bai murƙushe Hamza ba alhali yana da iko.

A daren 27 ga Shawwal 411 (Fabrairu 1021) Alhakim ya fita zuwa Muƙaɗɗam bai dawo ba. An sami jakinsa, an sami tufafinsa da alamun sukan wuƙa, gawa kuwa ba a gani ba. An zargi 'yar'uwarsa Sittul Mulk, wadda ita ce ta ɗora ɗansa Azzahir a kan mulki. Duruz suka ce bai mutu ba, ɓoyuwa ya yi don jarraba masu imani, kuma zai dawo. Hamza ma ya ɓace. Azzahir, wanda shi ne imamin Isma'iliyya na lokacin, ya bi mabiyan da kisa da ɗauri na tsawon shekaru har aka share su daga Masar. Wanda ya riƙe kiran bayan haka shi ne Baha'uddin Almuƙtana, ta hanyar wasiƙu zuwa ƙauyukan tsaunukan Sham, musamman Wadit Taim da tsaunin Lebanon da Jabalus Summaƙ kusa da Halab. A wajajen 434 (1043) ya rufe ƙofa. Daga ranar ba a shiga addinin, ba a kira zuwa gare shi, sai dai a haifi mutum a ciki, uwa da uba duka Duruz. Ita kuwa daular Faɗimiyya ta ci gaba da tafiyarta ba tare da su ba har Salahuddin ya kawo ƙarshenta a 567 (1171). Isma'iliyyan da suka rage a yau, mabiyan Aga Khan da Bohra na Indiya, daga layin Azzahir suka gangaro.

To me littattafan Duruz suka ƙunsa? Littafinsu shi ne Rasa'ilul Hikma, wasiƙu 111 na Hamza da Baha'uddin da Isma'il Attamimi. Abubuwa huɗu ne a ciki suke yanke hukunci.

Na farko, bayyanar Allah a surar Alhakim. Malamansu suna cewa ba su nufin Allah ya shiga jikin mutum, tajalli ne, kamar yadda fuska take bayyana a madubi. Canza lafazin bai canza komai ba, domin a ƙarshe ana fuskantar wani mutum da aka haifa a 375, mai ci da sha, ana kiransa Maulana ana sallama masa rai da jiki. Allah yana cewa: "Babu wani abu da ya yi kama da Shi" (Shura: 11). Ya kuma kafirta waɗanda suka ce Allah shi ne Almasihu ɗan Maryam (Ma'ida: 72), alhali Annabi Isa manzo ne mai mu'ujiza. Ina ga sarkin Masar?

Na biyu, soke shari'a. Hamza ya rubuta wasiƙa musamman yana warware shahada da salla da zakka da azumi da hajji da jihadi da wilaya, zahirinsu da baɗininsu, ya maye gurbinsu da wasiyyoyi bakwai: gaskiyar harshe, kare 'yan'uwa, barin bautar da aka saba, barranta daga shaiɗanu da ɗagawa, kaɗaita Maulana, yarda da aikinsa, da sallamawa ga umarninsa. Gaskiyar harshe da kare ɗan'uwa kyawawan halaye ne, kuma an shaidi Duruz da riƙo da su. Amma Allah ya ce: "A yau na cika muku addininku" (Ma'ida: 3), ya ce Muhammadu (SAW) cikamakin annabawa ne (Ahzab: 40), ya ce: "Ka bauta wa Ubangijinka har yaƙini ya zo maka" (Hijr: 99), yaƙini a nan kuwa mutuwa ce. Annabi (SAW) bai bar salla ba har a ciwon ajalinsa. Wanda ya bar salla don kasala mai saɓo ne babba, malamai sun saɓa a kan hukuncinsa. Wanda ya ce an ɗauke wajibcinta ya ƙaryata abin da aka sani na addini bisa larura, babu saɓani a kansa.

Na uku, taƙammus, daga kalmar ƙamis, wato riga. Suna cewa jiki riga ce, da mutum ya cika ransa zai koma jikin jaririn da aka haifa a lokacin, namiji zuwa namiji, mace zuwa mace, Durzi zuwa Durzi. Wannan ya ci karo da faɗin Allah game da mai roƙon a mayar da shi duniya: "A'a, kalma ce kawai da yake faɗa, kuma a gabansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su" (Mu'uminun: 100). Ya kuma taɓa tambayar kabari da tashin jikkuna da Aljanna da Wuta kamar yadda Alƙur'ani ya siffanta su.

Na huɗu, hududai biyar, wato Hankali da Rai da Kalma da Magabaci da Mabiyi, waɗanda suke cewa halittu ne na haske da suka bayyana a jikin Hamza da abokansa huɗu. Su ne launuka biyar na tauraronsu da tutarsu: kore, ja, rawaya, shuɗi da fari. Wannan falsafar Girka ce da Isma'iliyya suka ara tun da farko, Hamza ya ɗora kansa a samanta, sama da annabawa.

Alƙali Iyad, a ƙarshen Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, ya lissafa masu cewa Allah yana sauka a jikin wani da masu cewa rayuka suna sauya jiki cikin waɗanda Musulmi suka haɗu a kan kafircin maganarsu. Ibn Taimiyya daga Hanbaliyya da Ibn Abidin daga Hanafiyya, dukansu mutanen Sham da suka san Duruz a kusa, sun ambace su da suna, suka ce ba a cin yankansu ba a auren matansu. Malaman 'yan sha-biyu ma ba su saɓa ba a kan asalin mas'alar. Shaikhus Saduƙ, wanda ya rasu 381, ya bayyana cewa masu allantar da imamai kafirai ne, kuma littattafansu sun ruwaito yadda Imam Ja'afar ya la'anci Abul Khaɗɗab saboda irin wannan magana.

Saboda haka bai halatta a yi wa Duruz da 'yan sha-biyu kuɗin goro ba. Saɓaninmu da 'yan sha-biyu yana nan, kuma ba ƙarami ba ne: nassin imamanci, ma'asumancin imamai, ɓoyuwar na goma sha biyu, da matsayin sahabbai, Allah ya yarda da su. Muna faɗin wannan a fili. Amma jingina musu bautar Alhakim ƙarya ce, ko sunansa babu a jerin imamansu, kuma Allah ya ce: "Kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci" (Ma'ida: 8). Shugabancinsu na yau ma wani tsari ne daban. Suna da maraji'ai, manyan malaman fiƙihu da ake yi wa taƙlidi a Najaf da Ƙum, sannan ga wilayatul faƙih da Khumaini ya karantar a Najaf a 1970 ya kuma kafa hukuma a kanta a 1979, wadda ba duka malamansu ne suka yarda da faɗinta ba. Durzi ba ya bin ko ɗaya daga ciki. Jagororinsa na addini su ne shaihunan Aƙl, kuma al'ummarsu kashi biyu ce: uƙƙal, masu sani, waɗanda aka yarje wa karanta littattafan, masu baƙaƙen kaya da farin rawani, suna taruwa a khalwa, wato ɗakin ibadarsu, daren Juma'a, da juhhal, gama-gari, waɗanda su ne mafi yawa, ba a buɗe musu sirrin ba. Jagorancin siyasa kuwa a hannun manyan gidaje yake, kamar gidan Jumblat da gidan Arslan a Lebanon, da gidan Aɗrash a Suwaida ta Siriya, wanda Sulɗan Basha Al'aɗrash, jagoran tawayen 1925 a kan Faransa, ya fito daga cikinsa. Ƙawancensu da jam'iyyun Shi'a a Lebanon yakan ƙullu ya kuma warware gwargwadon maslaha, sun taɓa yaƙi tare sun kuma taɓa yaƙar juna. Cewa tsarin Lebanon ya sa kujerunsu 8 cikin kujeru 64 na Musulmi a majalisa rabon siyasa ne, ba fatawa ba ce. A Isra'ila kuma tun 1957 aka ware su a matsayin addini mai zaman kansa.

Yanzu ga manajanka. Ƙa'ida ita ce a hukunta mutum da abin da ya bayyana. Yawancin Duruz, kamar yadda ya gabata, ba su taɓa karanta Rasa'il ba, gado suka tarar. A cikinsu akwai waɗanda suka rungumi Musulunci sosai suna salla suna azumi, kuma daga gidan Arslan aka sami Shakib Arslan, wanda ya rasu 1946 bayan ya ƙarar da rayuwarsa yana kare al'ummar Musulmi da alƙalami. Duk wanda ya yi shahada, yana salla, ya barranta daga abubuwa huɗun nan, Musulmi ne, yana da abin da muke da shi, ba a tono asalinsa. Kada a ce ai taƙiyya yake yi. Annabi (SAW) ya ce wa Usama: "Me ya sa ba ka tsaga zuciyarsa ba?" Wanda kuwa ya ce shi Durzi ne, yana kan addinin iyayensa, bai bayyana Musulunci ba, to hukuncin wanda ba Musulmi ba ne kuma ba Ahlul Kitabi ba ne yake hawa kansa a sha'anin yanka da aure da gado da jana'iza. Makomarsa a lahira tana ga Allah, wanda ba ya azaba sai bayan hujja ta isa (Isra'i: 15).

Maganar nama, abin lura shi ne hannun da ya riƙe wuƙa. In Musulmi ne ya yanka ragon, ya ambaci sunan Allah, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, naman halal ne ko da kuɗin Durzi aka saya, ko a gidansa aka dafa. Haka naman da ya sayo daga mahautan kasuwa. In shi ya yanka da hannunsa, kada ka ci, ko da ya yi bisimilla, domin sauƙin da Ma'ida aya ta 5 ta yi ya tsaya ga Yahudu da Nasara. Inda mutane suke kuskure wuri biyu ne. Wasu suna ƙin abincinsa baki ɗaya, har shinkafa da kifi da burodi da 'ya'yan itace, alhali waɗannan ba sa buƙatar yanka. Wasu kuma suna ɗaukar naman a matsayin layyarsu. Kyauta ce kawai, ba ta ɗauke wa mai hali sunnar layya ba. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta wadatar: wa ya yanka?

In ya yi maka sallama da lafazi bayyananne, ka amsa. Mafi yawan malamanmu sun tsaya ga "wa alaikum", wasu kuma, kamar Ibnul Ƙayyim, sun halatta cikakkiyar amsa idan ka tabbata salam ya ce. Kai kuma ka fara masa da gaisuwar gari, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Aiki a ƙarƙashinsa halal ne matuƙar sana'ar halal ce kuma ba a hana ka salla ba, albashinka tsarkakakke ne, kuma amanar dukiyarsa tana wuyanka kamar ta Musulmi. Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi bn Uraiƙiɗ ɗan jagora a hijira alhali mushriki ne, ya kuma rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude. Haɗa jari ma ya halatta, da sharaɗin da Imam Malik ya gindaya a tarayya da wanda ba Musulmi ba: kada ya keɓanta da saye da sayarwa a bayan idonka. A aikace, ku rubuta yarjejeniya, ku ambaci irin hajar da za a yi, ku hana bashin banki mai ruwa da cinikin giya, a raba riba da kaso sananne kamar rabi ko sulusi, asara kuma gwargwadon jarin kowa, kuma ya zama kana ganin littafin lissafi da sa hannunka a asusu. In aka ce kai ka kawo kuɗi kawai a riƙa ba ka adadi ƙayyadadde kowane wata ko an ci riba ko an faɗi, wannan riba ce ta haram ko da abokin tarayyar limami ne.

Aure bai halatta ba ta kowane ɓangare (Baƙara: 221), su ma a nasu addinin ba sa aurar da bare ba sa aure a waje. Babu gado tsakaninku, ba a ba shi zakkar farilla, amma kyauta da sadakar nafila da taimako a lokacin ciwo duk suna cikin alherin da Mumtahana aya ta 8 ta buɗe ƙofarsa. In ya rasu a kan addininsa ba a yi masa sallar gawa, ba a binne shi a maƙabartar Musulmi, ba a roƙa masa gafara. Za ka iya yi wa iyalinsa ta'aziyya da kalmomin haƙuri, ka taimaka da mota ko takardu ko mayar da gawar ƙasarsu. In babu mai ɗaukar nauyinsa, ba a barin gawar ɗan Adam a wulaƙance, sai a rufe shi.

Jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa haram ne. Baƙo ne da ya shigo ƙasa da aminci, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya kashe mai alkawari ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Maganganu masu zafi da za ka gani a tsofaffin fatawoyi an yi su ne ga mahukunta a zamanin yaƙe-yaƙen Sham, ba izini ba ne ga ɗaiɗaikun mutane, kuma hotunan rikicin Suwaida da ake yaɗawa a waya ba hujja ba ne a kan mutumin da yake zaune lafiya a Kano.

In wata rana ya nuna sha'awar Musulunci, kada a jinkirta masa ko na yini ɗaya. Ya furta shahada biyu da sanin ma'anarsu, sannan, tunda mai yiwuwa ya saba furta su da wata ma'ana, ya bayyana cewa Alhakim bawa ne da ya mutu, shari'ar Annabi Muhammadu (SAW) tana nan har tashin ƙiyama, kuma rai ba ya komawa wani jiki. Ya yi wanka, a fara koya masa alwala da Fatiha da salla a ranar. Ba dole ya canza suna ba in sunan ba shi da mummunar ma'ana. A kuma kula da cewa barin addinin yakan jawo wa mutum yankewa daga dangi, don haka kada a yayata labarinsa ko a ɗora hotonsa a Facebook sai da yardarsa.

Wallahu a'alam.